Yadda Na Ɗinke wa Kwamfuta Aljihu a Shagon Baba Mamudu

Shekarun da na yi ina gyaran kwamfuta a Zongon Lome sun cinye mini abubuwa da yawa a kai. Na manta fuskokin mutanen da na yi wa aiki. Na manta inda na ajiye sukundireba ya kai sau dubu bakwai. Akwai ma ranar da na manta uwargidana a kasuwar Hédzranawoé na komo gida ni kaɗai a kan babur ina fito, abin da har gobe ake karanto mini duk lokacin da na yi wani sabon laifi. Amma ranar Talatar da Baba Mamudu mai surfani ya aiko a kira ni, ko da soso da sabulu aka wanke mini ƙwaƙwalwa ba za ta fita ba. Tunda an ce mu tsofaffin hannu kowa ya rubuta wa na baya abu ɗaya da aiki ya koya masa, ni wannan zan rubuta.

A lokacin shekarata biyar da karɓar takardar 'yanci. Ga wanda bai san tsarin ba, a garin nan ba ka zama mai gyara don kawai ka sayi kayan aiki. Sai ka yi shekara uku, wani huɗu, a hannun maigida, kana shara, kana riƙe masa fitila, kana shan faɗa a kan laifin da ba kai ka yi ba. Ranar da ya gamsu da hannunka sai a tara dangi, a yi addu'a, a miƙa maka takarda, abin da muke kira liberasiyo. Daga nan kai ma maigida ne. To babu halitta mai haɗari a bayan ƙasa kamar maigidan da ya shekara biyar. Ya san abu goma, yana jin ya san ɗari, ga mutanen unguwa sun fara kiransa Injiniya Tanko yana amsawa ba kunya.

Baba Mamudu dattijo ne, ya haura saba'in, shagonsa na layin da ke bayan masallacin Juma'a. A cikin shagon akwai injin surfani guda ɗaya, girmansa kamar saniya a kwance, wanda ya saya tun da daɗewa daga wata masaƙa da ta rufe. Injin ba ya aiki shi kaɗai. A gefensa akwai wata kwamfuta mai launin haƙorin mai cin goro, ita ke gaya masa inda allura za ta soka, ta wata kakkaurar waya mai faɗin baki. A cikinta akwai manhaja mai baƙin allo da koren rubutu, kuma a cikin manhajar nan Baba ya zuba zanensa na shekara ashirin da wani abu, suka bayan suka, da hannunsa: aska takwas, tambari, dagi, da waɗansu da shi ya ƙirƙiro ya raɗa musu suna. Babu wata manhaja a duniya da ke buɗe zanen nan sai ita. Wanda ya rubuta ta kuwa, Allah kaɗai ya san ƙasar da aka binne shi.

Ni da Baba wasa ne tsakaninmu. Kakansa Bakano ne, nawa Bazazzagi, ko da yake ni ban taɓa taka Zariya ba, shi ma Kano a labari ya san ta. Amma wannan bai hana shi kirana bawansa a gaban jama'a ba, ni kuma in ce masa Kanawa ko gaisuwa suka yi maka ka duba aljihunka.

Wata ranar Asabar aka yi ruwa da tsawa, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, tsohuwar kwamfutar ta yi tari ɗaya, ta fitar da ɗan hayaƙi, ta ce ga garinku nan. 'Yarsa Habsatu, wadda ke aikin fitar da kaya a tashar jirgin ruwa kuma take zaune a Agoè da mijinta, ba ta ɓata lokaci ba. Ranar Litinin da safe ta sauke masa wata a shago. Ta hannu ce ita ma, amma in aka jera ta da marigayiyar, jika ce da kakarta. Ta ma yi dabara ta zaɓo mai irin bakin nan mai faɗi a baya, don wayar injin ta shiga. Aka kira ni.

Aikin ba wuya. Na buɗe marigayiyar, na tarar faifan ajiyarta da rai, na kwashe abin da ke ciki na zuba a sabuwar. A ka'idarmu abu uku ake dubawa: ta tashi? Manhajar ta buɗe? Kayan mai aiki suna nan? Duk uku suka amsa. Sai na yi abin da kowane mai gyara ke yi don burge kansa, na shiga shuɗin shafin nan na saiti da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, na tabbatar duk abin da ke ƙara mata gudu a kunne yake. Manhajar da a da sai ka sha rabin kofin shayi kafin ta buɗe, yanzu kafin ka ƙifta ido ta bayyana. Na gaya wa Baba an ɗauke shi daga bayan jaki an ɗora a jirgin sama, ya gode wa Zazzagawa. Babu yadi a kan injin a lokacin, ga kiran sallar Azahar ya fara, ni kuma yunwa na ci na. Na tattara kayana na tafi ban ga allura ta soki komai ba.

Washegari Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na sauka daga zemijan, acaɓar garin nan, a ƙofar shagon na tarar da mutane. Baba na zaune a benci da filasta a ƙasan idonsa na hagu. A kan injin ga babbar rigar ladanin unguwa, farar shadda, kuma inda ya kamata aska takwas ta fito, abin da ke wurin kamar kaji sun yi tono. Zare ya cukurkuɗe, yadin ya yage wuri biyu. Allura ta karye tana cikin gudu, gutsurenta ya tashi ya yanki Baba. Da ya hau sama da faɗin yatsa ɗaya, da ido ne.

Habsatu ta iso kafin in gama kallon ɓarnar. Mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta. Ta ɗaga haɓar mahaifinta ta dubi raunin ta daɗe, sannan ta juyo gare ni ta tambaye ni, a gaban kowa, ko kwamfutar da ta kawo tana da matsala. Ni kuwa da aikina ake tambaya, sai bakina ya riga kaina. Na ce kwamfuta lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya, ta fi likitan da ya duba ni lafiya. Ta ce to ai shi ke nan, injin ne ya tsufa.

"Papa, c'est fini," ta ce da shi da Faransanci, wato magana ta ƙare. "Ranar Juma'a bayan masallaci Kosi zai zo da motarsa ya ɗauki ƙarfen nan. Kai kuma ka komo wurina. Ba zan zauna a ofis ina jiran a bugo mini waya an ce idonka ya fita ba."

Kosi mai sayen tsofaffin ƙarafa ne, kowa ya san shi. Abin da ya shiga motarsa ba ya komowa sai dai a matsayin tukunya.

Baba bai yi gardama ba. Ya ce to, uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ku gane abin da ke kan faifai a nan. Matarsa ta rasu shekara huɗu kafin wannan. Abin da ke tayar da shi kullum ya yi wanka ya sa hula shi ne shagon nan da bencin ƙofarsa, inda tsofaffi uku ko huɗu ke zuwa su yi musun abin da ya faru kafin a haife ni. Gidan Habsatu kuwa bene ne mai katanga da ƙofar ƙarfe, mai kyau ƙwarai, wanda in ka zauna a ciki daga safe zuwa yamma ba wanda zai yi maka sallama sai talabijin. Kuma ni da bakina na yanke wa injin hukunci don in wanke aikina. Na koma shagona, an kawo mini wake da shinkafa, na kasa ci. Wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, don ko ranar da na yi haɗari da babur sai da na gama tuwona kafin a kai ni asibiti.

Ranar Laraba na je na roƙi makullin shagon. Na cire allura, na ɗora tsumma a firam ɗin da ke riƙe yadi, na fara gwaji. Injin yana da maɓallin gwajin kansa, wanda ba ruwansa da kwamfuta. Na danna, ya motsa dama, ya motsa hagu, sumul kamar amarya tana rangwaɗa. Amma da na turo masa zane daga kwamfuta sai ya haukace, ya yi nan ya yi can, ya tsallake wani wuri. Na sake turo zane ɗaya sau biyar, kowane karo a wuri dabam yake kuskure. Ƙarfen da ya lalace ba ya haka, inda ya ci nan yake ci kullum. Na zargi waya, na hau zemijan har Adidogomé na samo wata. Babu canji. Na goge baki, na hura iska, na nemi ƙwayar cuta ban samu ba, na sake kwafe manhajar, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Da yamma na rufe shagon na san abu ɗaya kawai: injin ba shi da laifi, kwamfutar ma ba ta da laifi, amma in an haɗa su sai faɗa, kamar ni da surukina.

Ranar Alhamis da safe ina tsugune a bayan injin Baba ya shigo da kwalaye biyu zai kwashe zarensa. Ya sayo koko da ƙosai ya ajiye mini ba tare da ya dube ni ba. Yana jera zare launi-launi yana magana, ba da ni ba ma sosai, da kwalin yake yi. Ya ce shi bai ga laifin kowa ba, komai da lokacinsa. Abin da kawai bai ji daɗinsa ba, sabuwar nan ba ta da ladabi.

Na tambaye shi wane irin ladabi kwamfuta ke da shi.

"Waccan, in na danna mata, tana jirana," ya ce. "In tashi, in gyara hula, in tako wurin injin, in shafa yadin ya kwanta. Ina yi ina salati. Salati goma sha ɗaya, a ƙarshen na sha ɗayan allura ke sauka. Shekara ashirin ba ta taɓa sauka a na goma ba, ba ta taɓa kaiwa sha biyu ba. Wannan kuwa yatsana na kan maɓalli na ji ta fara. Na ruga in gyara yadi, ina sunkuyawa ta harbe ni."

Ƙosan da ke hannuna ya tsaya a hanya. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, ya ƙara da cewa ko saurarawa Bazazzagi sai an yi masa sau biyu.

A nan sai na yi muku bayanin abin da ya faɗo mini a rai, don shi ne gindin maganar. A cikin kwamfuta akwai furosesa, shi ne ma'aikacin da ke yin lissafi. Akwai kuma babbar ma'ajiya, inda umarni da kayan aikinsa suke. Ku ɗauka tela ne da sitonsa a bayan gida. Furosesan zamanin marigayiyar ba shi da aljihu. Almakashi yake so, sai ya je sito. Alli yake so, sai ya je sito. Ko abin da ya ajiye yanzu-yanzu ne, sai ya sake takawa. Daga baya masu ƙera furosesa suka ga wahalar ta yi yawa, suka ɗinka masa aljihu a jikinsa, abin da muke kira kash, wata 'yar ƙaramar ma'ajiya mai saurin gaske. Duk abin da ya taɓa kwanan nan yana zama a aljihun. Har aljihu biyu suka yi masa, ƙarami na ƙirji da babba na gefe. Sun kuma yi ƙoƙari ƙwarai don tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki: biyu da biyu huɗu ce, ko daga sito aka ɗauko ko daga aljihu. Amsa suka yi alkawarin ba za ta canza ba. Lokacin da za a ɗauka kafin a ba da amsar kuwa, ba wanda ya yi alkawari a kansa.

To shi bawan Allahn da ya rubuta manhajar Baba bai yi amfani da agogo ba. Injin surfani ƙarfe ne, yana bukatar ɗan lokaci ya matsar da firam kafin allura ta sauka. Sai marubucin ya ce wa furosesa, bayan kowane umarni ka tsaya ka ƙirga daga ɗaya zuwa kaza, sannan ka tura na gaba. Ya auna a kwamfutar zamaninsa, inda kowace ƙirga sai an je sito an komo, ya ga ya yi daidai, ya tafi abinsa. Yanzu ga furosesa mai ƙarfi, ga ƙirgar duk tana cikin aljihun ƙirji. Kafin injin ya ɗaga ƙafa an gama ƙirga an turo umarni na biyu da na uku da na goma. Wasu su shiga, wasu su zube a hanya, allura ta sauka firam na tafiya. Dole ta karye. Jiran da Baba ke cikawa da salati, shi ma ƙirga ce irin wannan, doguwa, wadda aka sa don mai aiki ya samu ya isa wurin injin. Maigidana ya taɓa gaya mini tsofaffin wasannin kwamfuta kan haukace a sabbin na'urori saboda haka, na yi dariya na wuce, don a lokacin ban ga abin da wasa zai ƙare ni da shi ba.

Na ce wa Baba ya ajiye kwali, yau shi ne agogona. Na sake tayar da kwamfutar na shiga shuɗin shafin. Allah ya taimake ni irin wadda har yanzu ke da layukan nan biyu ce, na kunna aljihu ko kashe shi, don na baya-bayan nan masu ƙera su sun ɓoye ƙofar gaba ɗaya, ba su yarda akwai mahaukacin da zai so haka ba. Na kashe babban aljihu na bar ƙaramin. Babu allura a injin. Na danna, Baba ya fara salati, bai kai ƙarshen na farko ba injin ya zabura. Ya girgiza kai. Na koma na kashe duka biyun.

Wallahi ban taɓa ganin kwamfuta ta tashi da irin wannan nawar ba. Kamar mai ciki wata tara tana hawa bene da tulu a ka. Rubutu na fitowa layi-layi, har kana iya gaisawa da kowane harafi ka tambaye shi mutanen gida. Ni mai gyara, kunya ta kama ni, na tashi na tura ƙofar shagon kada wani abokin sana'a ya wuce ya ga abin da nake yi. Manhajar ta buɗe. Na danna. Baba ya tashi, ya gyara hula, ya taka wurin injin, ya shafa tsumman, leɓunansa na motsi, yatsunsa na lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan injin ya motsa, a hankali, tak, tak, tak.

"Sha biyu," ya ce. "Ta fi waccan tsoron Allah da salati ɗaya."

Muka sa allura. Na tura Baba bayan ƙofa, ni kuma na kifa hular kwanon babur na sauke gilashinta, na tsaya kamar mai kwance bam. A kan tsumman da nake goge hannu da shi injin nan ya fitar da aska takwas, tsaf, ko suka ɗaya bai ɓata ba. Muka yi tambari, muka yi dagi. Baba ya ɗauki tsumman ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana duba bayansa, don masu surfani ta baya suke gane aiki. Ya koma ya fara fitar da zaren daga kwali yana mayar da su kan kanta.

Sai dai aikin bai ƙare ba, don ba Baba ne ya kira Kosi ba. Na buga wa Habsatu waya na ce ta biyo ta shago in ta tashi. Ta zo bayan La'asar. Abu mafi wuya da na yi a satin nan shi ne tsayawa a gabanta in ce abin da na faɗa ranar Talata ba daidai ba ne, ban gwada aikina ba, kuma raunin da ke fuskar mahaifinta da hannuna a ciki. Ta saurare ni har na gama bayanin sito da aljihu. Ta ce wato ta kawo lafiyayyiyar kwamfuta na ɗaure mata ƙafafu ina kiran abin gyara. Na ce haka ne. Sai ta yi tambayar da ta nuna ta fi ni kai: wannan saitin, zai iya komawa da kansa?

Na so in ce a'a. Amma bakin nan nawa ya riga ya jawo mini ɗaya a satin. Na gaya mata gaskiya, akwai ɗan batir kamar maɓallin riga a ciki, shi ke riƙe saitin. Ranar da ya mutu aljihu biyun za su buɗe, injin ya sake haukacewa, kuma ba zai yi sallama ba.

Ta ce to ai magana ba ta canza ba. Na ga kafaɗun Baba sun sauka.

Shi ne ya yi magana, ba ni ba. Ya ce mata, uwata, ai kwamfutar tana gaya mini. Kullum da safe zai fara dannawa babu allura, ya tsaya nesa ya ƙirga. In ta kai sha biyu, a yi aiki. In ta gaza ko da ɗaya, ya kashe ya aika a kira bawansa. Habsatu ta ce ita ba ta yarda da agogon da ke tari da atishawa ba. Ta ciro wayarta ta buɗe agogon ciki, ta ce ya yi ta gani. Sau uku aka yi, ita tana kallon waya, shi yana salati. Sau ukun duk tsohon nan bai saɓa da wayar ba ko da ƙiftawar ido. A na ukun ta kife wayar a cinyarta ta juya fuska wajen bango, ta ɗan jima a haka. Da ta juyo sai ta shiga jero sharuɗɗa kamar tana fitar da kwantena: tabarau na kariya duk lokacin da injin ke tafiya, garkuwar roba a gaban allura, sabon batir kowace shekara ko tsohon bai mutu ba, kuma ni zan sa da hannuna. Sannan a manna takarda a jikin kwamfutar. Ita ta rubuta da Faransanci, ni da Hausa, Baba ya ƙara da ajami a ƙasa: kada wanda ya ƙara wa kwamfutar nan gudu, haka ake son ta.

Ta manta ba ta sanar da Kosi ba, ko kuwa da gangan ta yi, ban sani ba. Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci ga motarsa a ƙofar shago da igiyoyi da sanduna. Ya leƙa ya ga saniyar da ya zo ɗauka tana ɗinka wa ladan sabuwar riga, Baba na tsaye a kanta da tabarau kamar matuƙin jirgi. Ya yi dariya, ya ce da yaren Mina ai shi gawa yake ɗauka, ba ya ɗaukar mai numfashi. Aka ba shi ruwan sanyi ya sha ya tafi.

Baba ya ƙara shekara shida a shagon. Daga baya gwiwoyinsa suka gaji, shi da kansa ya kira Habsatu ya ce ta zo ta ɗauke shi, ya rufe ƙofar da hannunsa ranar da ya ga dama.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, mu masu gyara muna da wata cuta: nawa kunya take ba mu. Mun ga abu na tafiya a hankali, hannunmu ya fara ƙaiƙayi. Amma tsohuwar manhaja ba lissafi kawai ta gada daga na'urar da aka rubuta ta a kai ba, har da saurin tafiyarta, kuma wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba. Sabon furosesa zai buɗe ta, ya ba da amsa daidai, allo ya yi kyau, ka ɗauka ka gama, alhali abin da ke ɗaure a ƙarshen wayar bai san an canza zamani ba. Yau injin surfani ne, gobe na'urar buga takarda ce ko ta awo a wani ɗakin gwaji. Wanda ya san lokacin abin kuwa, sau da yawa ba shi da takarda ko ɗaya, yana zaune a gefe kuna ta yi masa Faransanci a ka. Ku tambaye shi yadda take yi kafin ta lalace, me yake yi yayin da yake jiranta, ku rufe baki ku ji. Ni kwana biyu na yi ina hura waya, amsar na zaune a benci da filasta a fuska.

Tun daga satin nan, ko ladan ya kira salla, ko hanjina na kiran sunana da na ubana, ba na cewa na gama aiki sai na ga allura ta shiga yadi ta fito.